Kwalin Ƙwari: Aikin Makarantar Da Ya Fitar Da Mu Daji Tare Da 'Ya'yanmu



Duk mai ɗa ko 'ya a ƙaramar sakandare a garin nan na Potiskum, da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin wannan aikin gida ba. Malamin kimiyya zai ce kowane ɗalibi ya tara ƙwari kala goma, ya busar da su, ya jera a kwali, ya rubuta sunan kowanne, ya kawo nan da mako biyu. A bana abin ya faɗo wa gidaje da dama a layinmu lokaci guda, domin yaran namu ajinsu ɗaya. Mun ga ya kamata mu rubuta yadda muka yi da abin da muka gani, ko wani zai amfana, tunda zangon farko na karatu yana zuwa ne daidai ƙarshen damina da shigowar kaka, lokacin da ƙwari suka fi yawa a ƙasarmu.

Da muka zauna a ƙofar gida bayan magariba, ra'ayi ya rabu uku. Wasu suka ce wannan ai ɓata lokaci ne, ba don a koya wa yaro kamun fara suke biyan kuɗin makaranta ba. Wasu suka ce abin mai sauƙi ne, a ba wani yaron unguwa 'yan kuɗi ya tattaro, a manna a kwali, a wuce wurin. Iyaye mata kuwa damuwarsu daban ce: kunama, maciji, da fitar yara bayan gari. Kowa da gaskiyarsa. Amma wani dattijo a cikinmu, wanda ya kwashe shekaru yana sayar da hatsi, ya yi maganar da ta tsaya mana a rai. Ya ce shi tun yana saurayi ƙwaro yake cinye masa riba a rumbu da buhu, kuma bai taɓa samun wanda ya zauna ya nuna masa yadda ƙwaron nan yake shiga ƙwayar wake ba. Idan makaranta za ta koya wa jikansa wannan, shi kam zai raka shi har gona.

A nan muka yanke shawara guda biyu. Ta farko, za mu taimaka. Ta biyu, ba za mu yi musu aikin ba. Yaro shi zai kama, shi zai duba, shi zai rubuta. Namu shi ne rakiya, da tsaro, da haɗa kayan aiki, da amsa abin da muka sani.

Akwai dalilin da ya sa mutumin Potiskum bai kamata ya raina aikin kimiyya ba, kome ƙanƙantarsa. Ba mu manta da abin da ya faru a makarantar Mamudo a watan Yulin 2013 ba, ba mu kuma manta da safiyar 10 ga Nuwamban 2014 ba, ranar da bam ya tashi a tsakiyar ɗaliban makarantar kimiyya suna kan layin taron safe, aka rasa yara fiye da 40. An so ne a raba 'ya'yanmu da karatu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ƙara wa iyayensu haƙuri. Yau da muka samu sauƙi har malami yake iya cewa yaro ya fita ya dubi halittun da ke kewaye da shi, mu a wurinmu wannan ni'ima ce. Ba abin da za a sallama wa ɗan aike a kan naira ɗari biyu ba ne.

Cikas na farko da muka ci karo da shi na harshe ne. A Hausa kalmar ƙwaro tana da faɗi. Kunama ƙwaro ce, gizo-gizo ƙwaro ne, kaska da shanshani da ƙadandoniya duk ƙwari muke ce musu. A littafin yaran kuwa ƙwaron da ake nufi yana da sharuɗɗa: ƙafafu shida, jiki kashi uku, wato kai da ƙirji da ciki, da 'yan ƙahonni biyu sirara a kai, sannan mafi yawansu suna da fukafukai idan sun girma. Saboda haka aka koma ƙidayar ƙafa. Gizo-gizo takwas gare shi, ya fita. Kunama takwas, ban da hannuwanta masu kama da almakashi, ta fita. Kaskar da wani yaro ya ciro daga kunnen saniya a kasuwar shanu ranar Laraba, ita ma da aka duba takwas ce. Abin da ya fi ba yaran dariya shi ne da suka gane cewa a gidan Gizo na tatsuniya, maigidan ba ya cikin lissafi, amma matarsa Ƙoƙi tana ciki, domin ƙoƙi-ƙoƙi ƙafa shida gare ta, biyun gaba ne ta naɗe take kama abinci da su. Daga ranar ba mu ƙara ganin yaron da ya manta wannan ƙa'ida ba. Gani ya kori ji.

Kayan aikin kuwa ba mu sayi wani abin kirki ba. Tsohon gidan sauro da ya yage muka yanka, muka ɗinke shi kamar jaka a jikin waya mai ƙarfi da aka lanƙwasa, muka ɗaure a sandar tsintsiya, sai ga komar kamun malam-buɗe-littafi. Aka wanke kwalabe masu murfi. Aka binne gwangwanin madara a gindin katanga da gefen gona, bakinsa daidai da ƙasa, aka bar shi ya kwana, da safe a tarar gyare da ƙwarin da ke yawo a ƙasa sun faɗa ciki. Dabarar da ta fi kowacce kawo ƙwari ita ce mafi sauƙi, kuma ita ta kwantar wa iyaye mata hankali, domin a tsakar gida ake yin ta. A rataya farin zane a igiyar shanya bayan isha, a haska shi da fitilar sola, a zauna a jira. Kafin a yi awa guda zanen ya cika: faɗa-wuta iri-iri, ƙananan ƙwari masu taurin baya, fara, wani lokacin har ƙoƙi-ƙoƙi ta biyo su farauta. Yaro yana zaune kusa da mahaifiyarsa ya samu rabin abin da ake nema.

A kan wannan zanen ne wata kaka ta ceci hannun jikanta. Ya miƙa hannu zai damƙi wani dogon ƙwaro mai laushin baya, ta daka masa tsawa ta ce, "Kai, janye hannunka! Hangara ce." Ta gaya masa idan aka murje ta a jiki ruwanta yana tayar da bororo kamar ƙunar wuta, kuma a gona ita ce take cin furen gero da na wake. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma duk abin da ta faɗa haka littafi ya faɗa. Da murfin kwalba aka tura hangarar ciki, ba a taɓa ta ba.

Daga nan muka shimfiɗa dokoki, kuma muna roƙon duk wanda zai yi irin wannan aiki ya riƙe su. Ba a fita gona sai da babba, ba a fita sai da takalmi rufaffe. Ba a cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse ko tarin kara. Da sanda ake juyawa, domin wurin da gyare yake so shi kunama da kububuwa suke so, kuma lokacin girbi saran maciji yakan yi yawa. Ba a tsokanar gidan rina ko amyar zuma. Ba a shiga gonar da aka yi wa feshi. Ba a cin farar da aka kamo don aikin makaranta, kome kwaɗayin yaro. Babbar doka kuma ita ce: kada a ba yaro fiya-fiya ko maganin feshi ko ƙwayar maganin hatsi wai don ya kashe ƙwaro. Waɗannan guba ne da ke kashe mutum, kuma babu makin da ya kai ran yaro.

To da me za a kashe su ba tare da an farfasa su ba? Hanya biyu muka bi. Mai sayar da ƙanƙara a layinmu ya ba mu wuri a firizarsa, aka sa kwalaben suka kwana, sanyi ya gama da su ba tare da sun lalace ba. Inda wannan bai samu ba, a ɗiga ruwan goge jan farce a auduga, a sa a gindin kwalba, a ɗora 'yar takarda a kai, a rufe ƙwaron a ciki. Babba ne yake yin wannan, a waje, nesa da wuta.

A nan ne wata yarinya ta yi tambayar da ta sa muka yi shiru. Ta ce, "Baba, ba alhaki ba ne mu kashe su, ba su yi mana kome ba?" Tambaya ce mai kyau, kuma ba mu kore ta ba. Mun gaya mata akwai surori sukutum a Alƙur'ani masu sunan ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo, kuma malamai suna kawo hadisin da ya hana kashe tururuwa da ƙudan zuma. Saboda haka muka tsaya a kan cewa ɗaya tak za a ɗauka daga kowane iri, sauran a duba a sake su. Ƙudan zuma kuwa wanda aka tsinta a mace kusa da randa aka sa. Wanda bai samu ba ya zana shi da fensir. Malamin ya karɓi hakan, har ya yaba.

Jera su a kwali shi ne aikin da ya fi son haƙuri. Mun samo kwalin takalmi, muka shimfiɗa farin soson nan da ake tallafe talabijin da shi a cikin kwalinsa. Fil ɗin da mata suke maƙale mayafi da shi ya wadatar. Ana soke ƙwaron ne tun yana da laushi, a ƙirji, ɗan dama da tsakiya kaɗan. Masu taurin baya irin buzuzu kuma ta fiffiken dama. Malam-buɗe-littafi ana buɗe fukafukansa a danne da siririyar takarda har ya bushe, ba a taɓa su da yatsa domin hodar da ke kai ita ce launinsa. Ƙanana irin ƙwaron wake ana manna su ne a bakin 'yar takarda mai tsini, sannan a soke takardar. Masu laushi irin tsutsa da gara sai kwalba da sifirit. Abokan gābar wannan aiki su ne kiyashi. Dare ɗaya ya ishe su mayar da kwalin yaro fil zalla. Maganinsu a ɗora kwalin a kan gwangwani a tsakiyar faranti mai ruwa har ƙwarin su bushe, sannan a ƙulle kafur a tsumma a maƙale a kusurwa, a ajiye inda ƙananan yara ba za su kai ba, domin kafur ma guba ne idan aka haɗiye.

Malamin ya nace a kan abu guda da da farko wasu suka ɗauka tsanani ne: kowane ƙwaro sai an rubuta inda aka kama shi, da ranar, da abin da aka same shi a kai, da sunan wanda ya kama. Sai daga baya hikimar ta fito. Ƙwaro marar takarda gawa ce kawai. Mai takarda kuwa shaida ne. A Samaru ta Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello tana da ɗakin adana ƙwari inda masu bincike daga sassa daban-daban suke kai abin da suka kama a tantance musu, kuma abin da ya ba ƙwarin wurin daraja shi ne 'yan takardun da ke ƙarƙashinsu. Da irin wannan lura aka gane a farkon 2016 cewa wata baƙuwar tsutsa daga nahiyar Amurka ta shigo gonakin masara a Najeriya, kafin ta bazu kusan ko'ina a Afirka. A shekarar ce kuma tsutsar tumatir, wadda manoma suke kira sharon, ta yi kaca-kaca da gonakin Kano da Kaduna har tumatir ya gagari talaka. Wani ne ya fara lura cewa wannan ƙwaron ba wanda aka saba gani ba ne. Yaron da ya koyi rubuta "Dogo Nini, a kan ganyen wake" da kwanan wata, matakin farko na wannan aikin ya taka.

Wurin rubuta suna ne abin ya fi taɓa mu. Yaran sun haddace sunayen Turanci, amma da aka ce su faɗi na Hausa sai aka tsaya a sauro da ƙuda da kyankyaso da fara. Ba su san buzuzu ba. Ba su san kurkudu ba, ɗan ƙwaron nan mai haƙa ramin da ya yi kama da mazurari a yashi yana jiran tururuwa ta zame. Ba su bambance cinnaka da kiyashi, ko gara da zago, ko fara da babe. Sun san a ce wa mutum ya yi zanzaro idan ya cusa riga a wando, amma ba su san daga siririn ƙugun ƙwaron aka samo kalmar ba. Idan Hausa da kowa yake yi a kasuwa ta kai haka, ina ga harsunan gida? Garin nan na Ngizimawa ne da Karai-Karai da Bolawa, ga Fulani da Barebari da sauransu, kuma a gidaje da yawa yara sun daina jin harshen kakanninsu.

Sai muka ƙara layi a takardar: sunan Hausa, da sunan ƙwaron a harshen gidan su yaron. Wannan ya tura yara wurin kakanninsu da kwali a hannu. Wata tsohuwa ta ce rabon da wani ya tambaye ta wani abu da Ngizimanci har ta manta. Wasu sunayen sai da aka tara tsofaffi biyu ko uku suka yi gardama kafin a tsaya a kan ɗaya. Abin ya tuna mana da marigayi Farfesa Russell Schuh, Ba'amurken da aka fi sani da Malam Takalmi, wanda ya zauna a garin nan ya fitar da ƙamus na Ngizimanci a 1981, daga baya kuma shi da Alhaji Maina Gimba da wasu 'yan ƙasa suka fitar da ƙamusoshin Bolanci da Karai-Karai da wasu harsunan Yobe. Idan baƙo ya tsallako teku don ya rubuta kalmominmu, ai ba ma rasa mako biyu mu sa 'ya'yanmu su rubuta goma.

Ba kullum ne tsofaffi suke da gaskiya ba, kuma wannan ma darasi ne. Da aka fasa wani tsohon gidan zanzaro da ke manne a bangon zaure, aka tarar da tsutsotsi a ciki. Wani kaka ya ce ai zanzaro ba ya haihuwa, tsutsa yake ɗaukowa ya rufe ta a ɗaki har ta rikiɗe ta zama ɗansa. Jikarsa ta ce, "Kaka, malam ya ce ba haka ba ne." Aka ɗauko littafi. Ashe macen zanzaro tana harbin tsutsar ne ta sumar da ita ba tare da ta mutu ba, ta yi ƙwai a ɗakin, ta toshe. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe ɗan ya tarar da abincinsa sabo. Tsohon ya yi dariya ya ce shekara saba'in yana kwana da zanzaro a ɗaki, sai yau 'yar cikinsa ta gaya masa sirrinsa. A dare ɗaya kaka ta koya wa jika hangara, a wani daren jika ta koya wa kaka zanzaro. Haka ilimi ya kamata ya riƙa yawo a gida.

Da muka dubi kwalayen da kyau, sai muka ga arzikin Potiskum da ciwonta ne a jere. Ga buzuzu, wanda yara suke ƙyama don yana mirgina kashin shanu. Garin da yake da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu a Afirka ta Yamma bai kamata ya raina shi ba, domin shi yake binne kashin a ƙasa, ƙasa ta samu taki, ƙuda ya rasa wurin hayayyafa. Ƙasar Ostareliya da aka kai mata shanu daga waje, nata buzuzun bai saba da kashin shanu ba, sai filayen kiwo suka cika da kashi da ƙudaje. Daga 1965 zuwa 1985 sai da gwamnati ta kashe kuɗi tana shigo da buzuzu daga ƙasashen waje, har da na Afirka. Abin da muke takawa a hanyar kara, wasu da jirgi suka ɗauko shi.

Ga ƙwaron wake, wanda ya sa dattijon nan ya goyi bayan aikin tun farko. Jikansa ya zuba wake mai ɗigon fari a kwalba ya rufe da tsumma. Ɗigon nan ƙwai ne. Tsutsar tana huda ƙwayar ta shige ciki, ta ci ta girma a ɓoye, bayan kamar wata guda ta fito babba ta bar rami. Wato sau da yawa tun daga gona ake ɗauko ɓarnar a kai rumbu. Da ya ga haka da idonsa sai ya gane dalilin da ya sa buhun nan mai leda biyu a ciki yake aiki ba tare da magani ba: iska ce take ƙare wa ƙwaron. Haka kuma tsutsar da ke huda furen wake da kwanson sa a gona, wadda saboda ita Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019. Duk waɗannan ayyuka ne na mutanen da suka zauna suka ƙura wa ƙwaro ido.

Ga fara, wadda muke soyawa da yaji muna ci, amma idan danginta na hamada suka yi gayya sai su share gona a yini guda. Iyayenmu suna ba da labarin shekarun fara, kuma ba da nisa ba, a 2004, farin dango sun afka wa Nijar da Mali da Muritaniya, abin da ya haɗu da ƙarancin ruwa ya jefa Nijar cikin matsalar abinci a 2005. Yaran sun lura cewa ƙaramar fara kamar babba take, fukafukai ne kawai ba ta da su, alhali malam-buɗe-littafi sai ya bi ta ƙwai, ya zama tsutsa, ya kwanta a kwanso, sannan ya fito. Wannan darasi ne da ake tambaya a jarrabawa, kuma ga shi sun gan shi a kan ganye.

Sai sauro. Wata uwa ce ta kawo shawarar a ɗebo ruwan da ya kwanta a tsohuwar taya, mai 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil, a zuba a kwalba a rufe da ƙyallen gidan sauro. Ba a yi kwana goma ba sai ga sauro yana shawagi a ciki. Da yawa daga cikin yaran, har da wasu manya, ba su taɓa haɗa waɗannan tsutsotsin da sauron da ke hana su barci ba. A 1897 ne wani likita ɗan Birtaniya mai suna Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin cikin sauro a Indiya, bayan ya daɗe yana feɗe su ɗaya bayan ɗaya. Yau Najeriya ce kan gaba a duniya a wannan ciwo, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa a nan suke, kuma duk wanda ya leƙa asibiti a watan Satumba ya san ba labari ba ne. Washegarin fitowar sauron nan, yaran da kansu suka bi layin suna kife tayoyi da gwangwanaye da fasassun tukwane. Shekara nawa ana faɗa a rediyo, kwalba ɗaya ta yi abin da sanarwa ba ta yi ba.

Ba duka kwalayen ne suka yi kyau ba. Wasu fukafukan sun yage, wani rubutun ya karkace, wani yaron takwas ya samu maimakon goma. Mun bar su haka. Malami ya san hannun yaro, ya kuma san hannun uba. Kwalin da ya karkace amma mai shi zai iya tsayawa ya ce wannan a gonar Baffa na kama shi, ƙafarsa shida, gero yake ci, ya fi wanda aka saya aka ƙawata. Idan muka saba wa yaro da cewa aiki abin saye ne tun yana aji ɗaya, kada mu yi mamaki ranar da ya nemi a saya masa amsar jarrabawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna da roƙo guda uku. Ga malamai, a riƙa ba da irin wannan aiki tsakanin Satumba da farkon Nuwamba, kafin hunturu ya kori ƙwari, kuma a haɗa shi da takardar gargaɗi zuwa ga iyaye a kan guba da kunama da maciji. A kuma ware kusurwa a makaranta a adana kwalayen da suka fi kyau, domin 'yan baya su samu abin dubawa, tunda fara da kyankyaso da malam-buɗe-littafi suna yawan fitowa a jarrabawar gwaji ta WAEC da NECO. Ga iyaye, kada a bar 'yan mata a baya da sunan tsaro. Zanen tsakar gida da fitila ya ishe su, kuma a layinmu kwalin da ya fi kowanne tsari na yarinya ne. Ga ƙungiyarmu kuma, me zai hana mu tattara sunayen da yaran suka samo, na Hausa da Ngizimanci da Bolanci da Karai-Karai da Fulatanci, mu haɗa su wuri guda tun tsofaffin da suka san su suna raye? A garin nan muna da Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha, ba za a rasa malamin da zai duba mana ba.

Ba mu ce duk yaron da ya kama fara zai zama masanin kimiyya ba. Amma gari ne na manoma da makiyaya da 'yan kasuwar hatsi, kuma wanda zai zo ya magance mana tsutsar gero ko kaska ko sauro, gara ya fito daga cikin waɗannan yaran da suka san ƙasar. Abin da ya rage namu shi ne mu ba su yammaci biyu ko uku daga lokacinmu.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya saka wa malamansu da alheri, ya dawwamar da zaman lafiya a Potiskum da jihar Yobe baki ɗaya. Amin.